Malam Lirwanu da Tudun Laka

Malam Lirwanu ɗan Attahiru tela bai taɓa yin ƙarya a gaban jama'a ba, iyakar sanin waɗanda suka zauna da shi a Boɗinga shekara sittin da wani abu. Na fara da wannan shaida domin a yi masa adalci, tun da abin da zan ba da labari shi ne yadda ya rusa aikin ɗan'uwansa, da nasa aikin, da hanyar ƙauyuka huɗu, ba tare da ya furta kalma ɗaya da ta saɓa wa gaskiya ba. Mafi yawan abin da ke nan daga bakinsa na ji shi bayan ya tsufa, sauran kuwa daga waɗanda aka yi a gabansu.

Mahaifinsa yana da keken ɗinki a bakin kasuwar Boɗinga, ya kuma so ɗansa ya gaje shi, amma Lirwanu ya fi son rula da alli bisa ga allura. Ya sauke Alƙur'ani, ya gama firamare, ya shiga makarantar koyon sana'a a Sakkwato, ya fito bayan shekara biyu ba tare da takardar shaida ba saboda rasuwar mahaifin. Daga nan ya bi wasu safiyo masu awon hanya, yana ja musu sarƙar awo cikin rana. Idan an tsaya hutu sauran masu jan sarƙa sukan kwanta ƙarƙashin mota, shi kuwa sai ya tsaya bayan safiyo yana leƙen takarda, har ya gane abin da layukan nan masu lanƙwasa ke nufi: inda suka matsu da juna gangare ne, inda suka ware shimfiɗa ce. Da wannan ilimi ya sami gurbi a ofishin ayyuka. Aikinsa shi ne, idan za a yi hanya ko kwalbati, ya riga lebura isa, ya tara mutane a ƙofar hakimi, ya shimfiɗa taswira, ya bayyana musu nufin injiniya. Aka sa masa suna Mai-taswira. Ya so sunan nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so suna, domin shi ne ya maye masa gurbin takardar shaidar da bai samu ba.

Yana da taubashi mai suna Mode, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, wanda ke zaune a Tungar Daso, wani ƙauye a ƙasar Shagari can wajen Kajiji. Sana'ar Mode ginin rumbun laka, wanda mutanenmu ke kira ruhewa. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Idan sun haɗu Mode yakan kira shi ɗan mace, shi kuwa ya kira Mode zanzaro mai gini da miyau, kuma ba wanda ke riƙe wani a zuci, domin magana tsakanin taubasai ba a ɗora ta bisa ma'auni.

A shekarar 1981, lokacin da gwamnatin farar hula ke buɗe ayyuka ko'ina, aka amince da wata hanyar burji mai mil goma sha ɗaya da za ta haɗa Tungar Daso da wasu ƙauyuka uku da kwalta. Injiniyan aikin wani matashi ne mai suna Husaini. Tsohuwar turbar jakai ta miƙe ne ta tsakiyar kwari. Zanen Husaini kuwa ya hau da hanyar bisa tudu, ya lanƙwasa ta, ya tsallaka ƙorama da kwalbati a wani matsattsen wuri mai dutse. Dalilinsa ingantacce ne. Jaki yana iya jiran ruwa kwana biyu ya janye, amma burji idan ruwa ya hau kansa sau uku, ya tafi da shi ke nan. Sai dai hanyar tudu za ta yanki gefen gonakin gero, ita kuwa turbar kwari ba ta taɓa gonar kowa ba.

Sau biyu Lirwanu yana shimfiɗa taswira a ƙofar hakimin Tungar Daso, yana bin layuka da tsinken alƙalami. Sau biyu dattawa suna cewa, "Madalla, Malam, mun ji." Kashegari kuma sai a tarar an tuge turakun da safiyo ya kafa, an ɗaure awaki da su. Lirwanu ya ɗauki wannan taurin kai ne. Bai taɓa tambayar kansa ko mutanen sun ga wani abu a takardar ba.

A zama na uku Mode yana gefe, laka har gwiwa, ya taso daga wajen aiki.

"Ɗan mace," in ji shi, "tun hantsi kaka nuna muna tsutsotsi bisa takarda. Ina tudu nan? Ina kwari? Ni dai shimhiɗe nig gan ta awa tabarma."

"Zanzaro, koma ga lakarka," in ji Lirwanu. "Wanga karatu na, ba kwaɓi ba."

"To a ba zanzaro kwana huɗu." Ya juya wajen Husaini ya rusuna. "Ranka shi daɗe, ka taka da ni inda kaka son hanyag ga ta bi. Da ƙahwa, ba da takarda ba."

Husaini ya yi dariya, ya yarda, domin ba shi da wata dabara. Suka taka mil biyu suka dawo. Mode ya kwaɓa laka da yankakkiyar ciyawa kamar yadda yake yi wa ruhewa, ya gina ƙasar ƙauyen a ƙofar hakimi, faɗin tabarma biyu. Ya tayar da tudu, ya ƙwaƙule kwari, ya ja ƙorama da yatsa. Ya dasa ɗakuna kamar ƙwan zabo, ya tsira tsinkaye a matsayin itatuwa. Da garin jar marmara ya zuba hanya biyu, miƙaƙƙiya ta cikin kwari da lanƙwasasshiya ta kan tudu, ya cusa guntun kara da ya cire wa ɓargo a ƙarƙashinta ya zama kwalbati. Ya bar ginin ya sha rana har ya yi tauri.

Ranar da aka taru, tun kafin a ce komai, wata tsohuwa mai sayar da fura, Dije, ta kutsa tsakanin maza ta durƙusa.

"La ilaha! Ga ɗakina! Mode, ɗan nema, har da tsamiyar bayan gida kas sa?"

"Har da inda kika zubar da toka, Inna, in kin duba."

Mode ya ɗauki ƙwarya da ya huhhuje da basilla, ya riƙe ta sama da ginin, ya sa aka tsiyaya mata ruwa daga buta. Ruwa ya sauko kamar yayyafi, ya taru, ya gangara daga tudu, ya cika kwari, ya kwashe jar marmarar miƙaƙƙiyar hanya ya watsa ta. Wanda ya biyo ƙorama kuwa ya shige ta cikin kara ya fito ɗaya gefen, hanyar tudu tana nan ba abin da ya taɓa ta. Aka ɗauki salati. Hakimi ya ce a sake. Aka sake har sau uku, Mode yana mayar da marmara da tafin hannu.

Arɗon Fulanin da ke kiwo a yankin ya tsinci tsakuwa bakwai, ya jera su bisa burtali, ya riƙa tura su da kan sanda har suka ci karo da gefen hanyar tudu.

"Injiniya, ga shanu sun iso. Hawa za su yi, ko tashi sama?"

Husaini ya duƙa ya duba, ya fitar da littafinsa ya rubuta, ya ce za a kwantar da gefen hanyar a wurin domin shanu su ƙetare. Shekara goma Lirwanu yana bayani a ƙofofin hakimai, ba a taɓa yi masa tambaya irin wannan ba, domin mutum ba ya tambaya a kan abin da bai gani ba. Ya gane haka a tsaye a wurin, taswirarsa a naɗe a hammata. Daga ranar aka daina tuge turaku a Tungar Daso.

Husaini ya ɗauki Mode a matsayin leburan yini, ya riƙa tafiya da shi a mota. A ƙauye na biyu da na uku aka yi yadda aka yi a na farko. Mutane suka sa wa Mode suna Injiniyan Laka, idan mota ta tsaya shi ake fara gaisarwa. Aikin Lirwanu ya koma rubuta sunayen waɗanda suka halarci taro.

Malamai sun rarrabe abu biyu da jahili ke haɗawa. Akwai wanda zai ga ni'ima a hannun wani ya yi fatan a ba shi irinta, wannan ba shi da laifi, sau da yawa ma shi ne mafarin ƙoƙari. Akwai kuma wanda zai so ni'imar ta gushe daga mai ita, ko da shi ba zai sami komai ba. Ƙofa ta farko a buɗe take ga Lirwanu, Mode da kansa ya buɗe masa ita.

"Ɗan mace, cire takalman ga da agogo ka zo in koya maka kwaɓi. Kai ka san awo, ni na san laka. In munka haɗu wa za shi tsaya gabanmu?"

"In na shiga laka wa za shi riƙe ma injiniya takarda? Kai, da ka riƙe ta a kihe?"

Aka yi dariya aka wuce. Amma ƙin da ya yi ba wasa ba ne. A ganinsa, mutumin da ya sha rana shekara da shekaru kafin ya iya karanta layi bai kamata ya tsuguna gaban wanda bai san alif na boko ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mode bai wahala ba, bai kuma san girman abin da ya yi ba. Da Mode ya yi alfahari, da Lirwanu ya sami abin riƙewa. Sai ya riƙa zuba dafinsa cikin ba'ar taubasai, ana dariya, Mode ya fi kowa dariya, shi kuwa ya koma gida da abinsa bai ragu ba.

A 1982 kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara suka ɓace daga kantuna, albashi ya fara jinkiri, aka hana ɗaukar sabon ma'aikaci sai in an sami gurbin da wani ya bari. Ana cikin haka wani akawu ya tsegunta wa Lirwanu cewa Husaini ya rubuta takarda yana neman a ɗauki Mode aiki na dindindin a matsayin mai bayani ga jama'a. Lirwanu ya yi lissafin da kowa zai yi. Gurbin mai bayani ɗaya ne a ofishin, kuma shi ke zaune a kai. Ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe ba, yana da iyali, lokacin kuma mai tsanani ne. Abin da zan ce shi ne tsoron ya tarar da hassada a zaune, ya ba ta hujjar da ta daɗe tana nema.

Saura ƙauye na huɗu, mafi girma, wanda in bai yarda ba hanyar ba ta isa kwalta. A can akwai wani attajirin albasa, Alhaji Mainasara, wanda babbar gonarsa ke kan tudun da za a yanka. Mode ya gama gininsa ranar Litinin, aka sa taro ranar Alhamis. Ranar Laraba da la'asar Lirwanu ya je da rula da zare ya auna ginin, ya sami abin da yake nema. Daga rijiyar gari zuwa ƙorama mil biyu ne, Mode ya sa shi a ƙafa goma. A bisa wannan awo, tudun da ya fi kwari da ƙafa ashirin bai kamata ya wuce rubu'in inci ba, kaurin ƙwayar wake ke nan. Mode kuwa ya tayar da shi inci goma. Ya ƙara masa tsayi sau arba'in.

A nan ne ya wajaba a faɗi abin da ke yanke hukunci a kan Lirwanu. A cikin takardun da yake ɗauke da su akwai zanen da ke nuna hawa da saukar hanya, kuma ya sani sarai cewa a wannan zane injiniyoyi da kansu sukan ƙara wa tsayi sau goma, su rubuta haka a ƙasan takarda, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ba a ƙara ba ido ba ya ganin gangare. Ƙarin bai canza inda ruwa ke bi ba, hanzarta shi kawai yake yi don a gani. Mode ya gano da hannunsa abin da ake koyarwa a makaranta. Lirwanu kaɗai ne a ƙauyen nan ya san haka.

Ranar Alhamis Husaini bai zo ba, ya tafi Sakkwato neman man gireda, motar shimfiɗa hanya. Aka taru a ƙofar hakimi. Mode ya zuba ruwansa, ruwa ya yi abin da ya saba, mutane suka fara gyaɗa kai. Har Alhaji Mainasara ya tsaya yana shafa gemu. Sai Lirwanu ya miƙe ya rusuna wa hakimi.

"Allah shi ba ka nasara, kahin a watse ina da tambaya ga zanzaro."

Aka yi dariya, an ɗauka wasan da aka saba ne.

"Mode, daga rijiya zuwa ƙorama mil biyu na, kai kuwa kas sa shi ƙahwa goma. Haka na?"

"Kai ad da awo, ɗan mace. In ka ce goma, goma ta."

"To tudun ga, bisa wanga awo, kaurin ƙwarar wake ya kamata shi yi." Ya fito da ƙwayar wake daga aljihu ya ajiye ta gindin tudun laka. Ya dasa rula kusa da ita. "Jama'a ku duba. Wanga tudu na, ko dutsin Arfa?"

Wasu suka yi dariya, amma ba kowa ba. Mode ya dubi waken, ya dubi tudunsa.

"Ni ban auna ba," in ji shi. "Na ɗauko laka bisa kai daga kwarin ga zuwa tudun ga ya hi sau ɗari. Abin da gwiwata tag gaya mani shi nig gina."

Alhaji Mainasara ya matso. "Malam Lirwanu, bar wasa. Tsakaninka da Allah, tudun ga haka shike, ko an ƙara mai?"

"An ƙara mai, Alhaji. Sau arba'in."

Gaskiya ya faɗa. Ba a tambaye shi ko ruwan sama yana bin inda Mode ya nuna ba, shi kuwa bai ba da amsar da ba a nema ba. Wanda ya san abu biyu da ba sa rabuwa, ya faɗi ɗaya ya riƙe ɗaya domin a fahimci akasin gaskiya, ya yi aikin maƙaryaci, ko da harshensa bai ɗauki sunan ba.

Alhaji ya ce a gina musu na gaskiya su gani. Lirwanu ya cire takalma da agogo, ya shiga laka kwana biyu, yana aiki da zare da rula, bai ƙara ba bai rage ba. Abin da ya fito shafaffe ne kamar faifai. Ranar Asabar aka sake taruwa, aka tsiyaya ruwa ta ƙwaryar Mode. Ruwa ya sauka ya tsaya ɗigo-ɗigo, ya taru nan da can a sawun yatsa, lakar ta shanye shi. Hanyar kwari tana nan da jar marmararta.

"To ga gaskiya ta hito," in ji Alhaji Mainasara. "Ruwa ba shi zuwa ko'ina. An so a cinye muna gonaki da wasan ɗiya."

Wani daga baya ya ce, "Injiniyan ƙarya!" Mode ya duƙa. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya kife ta a kai, ya kama hanyar Tungar Daso da ƙafa. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai sauran ƙauyuka uku, aka sake tuge turaku.

Da Husaini ya dawo ya ji abin da ya faru, ya kira Lirwanu ofis, ya zaro zanen hawa da sauka ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora yatsa a ƙasan takardar.

"Malam Lirwanu, karanta mini nan."

"An ƙara tsayi sau goma, ranka ya daɗe."

"Ka san da wannan ranar Alhamis?"

"Na sani."

"Ka faɗa musu?"

Lirwanu ya ce bai faɗa ba. Husaini bai zage shi ba, bai kuma kai ƙararsa ba. Ya umarce shi ya koma ƙauyen ya faɗi rabin da ya bari. Lirwanu ya koma, ya tsaya a ƙofar hakimi, ya yi bayani da kyau, watakila mafi kyawun bayanin da ya taɓa yi. Alhaji Mainasara ya saurara har ƙarshe.

"Malam, shekaranjiya kac ce ƙari ƙarya ta. Yau kac ce ƙari gaskiya ta. Wane Lirwanu za mu bi, na shekaranjiya ko na yau?"

Mutanen ƙauyen suka rubuta takardar koke, aka ce a dakatar da aiki sai an kafa kwamiti. A shekarun wadata jinkirin wata biyu ba komai ba ne, amma a shekarar tsuke bakin aljihu aikin da ya tsaya ba ya tashi. Ɗan kwangila ya ɗauke giredarsa ya kai wani wuri. Daminar 1983 ta zo da ƙarancin ruwa, kwarin bai cika ba ko sau ɗaya, Alhaji yana nuna wa duk wanda ya wuce yana cewa, "Kun gani?" A ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, aka jingine ayyuka da yawa, har da wannan. Takardar da Husaini ya rubuta game da Mode ba a taɓa ba ta amsa ba, shi ma aka yi masa canjin wurin aiki.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ban ga haka a wannan labari ba, kuma ba na son a riƙa lallashin mahassada da karin magana. Mode bai tsira da komai ba. Mutane suka ce wanda ya ƙara wa tudu zai rage wa bango, suka daina kiransa gini, ga fari ya sa ba hatsin da za a zuba a ruhewa. Ya shirya tafiya cin rani kudu. Abin da ya fi nauyi shi ne ya yarda cewa shi ne ya yi kuskure. Lirwanu ya hau babur ya same shi yana ɗaure kaya, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Mode, na zo in gaya maka magana. Ginin ga naka daidai shike. Na sani tun rannan. Hassada ta ci ni, shi ya sa."

Mode ya dube shi, ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

"Kai, ɗan mace! Kai mai karatu, ka yi hassadar mai kwaɓa laka? Nemi wata ba'a, wagga ba ta kama ba."

"Wallahi ba ba'a nika yi ba."

"Har da rantsuwa! To na ji. Kama mani bakin buhun ga."

Ya kama masa. Tsawon lokaci Lirwanu ya ɓoye ƙiyayyarsa cikin wasan taubasai, ranar da ya zo da tuba sai aka karɓe ta a matsayin wasa. Ya gaya mini cewa da Mode ya mare shi, da ya fi masa sauƙi.

Gurbin da ya kare ya zauna a kansa wata goma sha biyar, yana zuwa ofis da safe yana komawa da azahar, ba taron da zai kira, ba hanyar da zai bayyana. A tsakiyar 1984 aka liƙa sunayen waɗanda aka rage daga aiki, nasa na cikin na farko. Dalilin da aka rubuta gajere ne: babu aikin da ke buƙatar mai bayani. Ba Mode ne ya karɓe masa kujera ba, ba kuwa wani ba. Da hanyar ta ci gaba, ko an ɗauki Mode ko ba a ɗauke shi ba, da akwai mil goma sha ɗaya na awo da rubutu da sasanci da ke buƙatar mai karanta takarda, shi ma daga baya ya yarda da haka.

Ya koma rumfar mahaifinsa a kasuwar Boɗinga, ya ajiye tebur, yana rubuta wa mutane wasiƙa, yana auna gonaki idan za a raba gado. Ya yi suna a wannan aiki, alƙalai suna neman shaidarsa, domin idan an tambaye shi abu ɗaya sai ya faɗi duk abin da ya sani, har wanda ya kawo shi ya gaji ko ya yi da-na-sanin kawo shi. Wasu suna ganin tsananin tsantseni ne, ba su san abin da ya biya ba kafin ya koye shi. Ya yi shekara ashirin da biyu a rumfar nan. Maƙwabtansa na kasuwa sun lura da abu guda da ba su san dalilinsa ba: a shekarun da damina ta yi ƙarfi, idan mutanen Tungar Daso da ƙauyukan nan suka iso kasuwa bayan azahar, laka har cinya, buhunan albasa a jiƙe, Malam Lirwanu yakan rufe littafinsa, ya ce wa na kusa ya duba masa tebur, ya fita ta bayan rumfa, ba ya dawowa sai sun watse.